Inda Nauyi Ya Sauka, Nan Ake Gyara: Darasin Jigon Jirgi ga Kwale-kwalen Gulbin Rima

A ranar Lahadi, 17 ga Agustan 2025, wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Ba a yi mako guda ba sai ga labarin wani kwale-kwalen da ya nutse a Garin Faji, cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni, da mutanen da ke gudun farmakin 'yan bindiga. Duk lokacin da irin wannan ta faru, bayanin da muke ji ɗaya ne: lodi ya yi yawa. Maganar gaskiya ce, sai dai tana da sauran bayani. Ana auna yawan kaya ne da ƙarfin abin da zai ɗauke su, kuma ƙarfin jirgin katako raguwa yake yi kowace damina. Jirgin da ya haye da mutum 30 lafiya shekara biyar da suka wuce, bana mutum 20 na iya yi masa yawa. Muna ƙirga fasinjoji bayan an tsamo gawawwaki, amma babu mai auna lafiyar katakon kafin a shiga.

Ra'ayina shi ne, mafi arhar hanyar rage waɗannan mace-mace a yankin Isa da Sabon Birni tana hannun kafintan jirgi, kuma lokacinta rani ne. Domin a ga dalili, bari mu ɗan ari darasi daga wani irin jirgi da ba mu da shi a gulabenmu.

Yadda gindin jigo yake ci

Jirgin da iska ke turawa baƙo ne a Gobir, amma kakanninmu da suka tafi aikin hajji da ƙafa sun san shi, domin a irinsa suka riƙa haye Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. A tsakiyarsa akwai dogon itace a tsaye, wanda ake rataya faffaɗan ƙyallen da ke kama iska. Shi ne jigon jirgi. Duk wanda ya taɓa ganin jigon ban ruwa a fadama ya san inda irin wannan itace yake fara mutuwa: can ƙasa, wurin da ya haɗu da danshi.

Ana ɗaure jigon jirgi da igiyoyi ko wayoyi daga ƙoli zuwa gaba da baya da gefuna biyu. Igiyoyin nan suna hana shi faɗuwa, amma a lokaci guda suna danna shi ƙasa. Idan iska ta cika ƙyallen, dannawar sai ta ƙaru. Duk wannan nauyi yana taruwa ne a wuri ɗaya da bai wuce faɗin faifai ba, wato mazaunin da gindin jigon ya hau, wanda shi kuma yake miƙa nauyin ga ƙashin bayan jirgin. Abin takaici, nan ne kuma ruwa ya fi son kwanciya. Ruwan sama da feshin teku suna bin jikin jigon su gangaro, su taru a gindinsa inda rana ba ta kaiwa. Katako sai ya ruɓe ta ciki alhali fentinsa na ƙyalli. A jiragen zamani masu jigon alminiyam da ke zaune a kan ƙarfe, ruwan gishiri yana sa ƙarfen biyu su yi ta cin juna har gindin ya zama gari.

Alamar farko ita ce igiyoyin su yi sako-sako, saboda jigon ya ɗan nutse cikin ruɓaɓɓen mazauninsa. Wanda bai san aiki ba sai ya ƙara ɗaure su tamau. Da yin haka ya ƙara danna jigon cikin ruɓar. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa.

Gyaran gaskiya yana da tsada domin yana farawa da dakatar da jirgin. Sai an sauke jigon gaba ɗaya. A buɗe wurin, a yi ta sassaƙe ruɓar har a isa katako mai rai, ko da ramin ya ninka yadda aka zata. A bar shi ya bushe sarai. A gano ta inda ruwan yake shiga a toshe, a kuma huda masa mafita domin wanda zai shigo nan gaba. Idan za a yi wa itacen ƙari, ba a haɗa baki da baki. Ana fere duka biyun a karkace, tsawon haɗin ya kai ninki 8 zuwa 12 na kaurin itacen, yadda nauyi zai ratsa daga tsoho zuwa sabo a hankali. Sabon mazaunin kuma ana shimfiɗa shi ya hau haƙarƙarin jirgin da dama, maimakon ya tsaya a kan guda. Masana aikin suna da wani gargaɗi: ƙaramin faci mai tsananin ƙarfi a tsakiyar katako mai rauni ba ya hana karyewa, yana matsar da ita ne kawai zuwa bakin facin.

Jigon kwale-kwalenmu

Kwale-kwalen da ke fito da mutane a Gulbin Rima da rassansa, irin su Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi, ba shi da jigo. Amma yana da wuraren da ƙarfi ke shiga jikinsa, kuma dokar ɗaya ce.

Na farko shi ne katakon baya, inda ake ɗaura inji. Asalin ƙirar kwale-kwale ta gora ce da matuƙi, ƙarfin hannun mutum. Da inji ya zo, sai aka maƙala shi a jikin allon da ba don shi aka yi ba. Duk turawar da ke tafiyar da jirgi da mutanensa ta wannan allo take bi, ga kuma girgizar inji da ke sassauta ƙusoshi tana faɗaɗa ramukansu. Ƙusar da ta yi tsatsa kuwa tana cin katakon da ke kewaye da ita, har ta zauna a cikin rami ba ta riƙe komai.

Na biyu shi ne ƙasan jirgin, inda allunan gindi suka haɗu da haƙarƙari. A nan ruwan da ya shigo yake kwana. A nan kuma ake tsayar da babur da buhunan hatsi ranar kasuwa, nauyi mai yawa a kan ɗan taƙi.

Gyaran da aka saba yi wa waɗannan wurare kowa ya san shi: a cusa tsumma, a shafa kwalta, a buga gwangwani ko guntun kwano a kai. Yoyon yakan tsaya na ɗan lokaci. Amma kwanon ya rufe danshi a ƙarƙashinsa, sababbin ƙusoshin sun ƙara huda katakon da ya riga ya gaji, kuma ruɓar ta samu inuwar da za ta ci gaba ba mai ganinta. An yi maganin abin da ido ya gani, an bar wurin da nauyi yake sauka. Jirgi irin wannan yakan yi tafiya lafiya a ruwa mai kwanciya. Ranar da ya ci karo da kututture ko igiyar ruwa mai ƙarfi, ranar ce asirinsa ke tonuwa. Rahotannin haɗarin Wara a jihar Kebbi, a watan Mayun 2021, sun ce jirgin rabewa ya yi biyu. Na Patigi a jihar Kwara, a watan Yunin 2023, wanda ya ci rayuka fiye da 100 na masu dawowa daga biki, shi ma an ce itace ya daka ya tsage.

Uzurin mai jirgi

Kada mu yi saurin ɗora wa mai jirgi laifi. Ya fi kowa sanin halin da jirginsa yake ciki, tunda shi ke kwarfe ruwan kullum. Abin da ya hana shi gyara a bayyane yake. Katako mai jure ruwa irin maɗaci da kawo ya yi wuya, dazuzzukan da ake samunsa a kusa sun zama mafakar 'yan bindiga, wanda ake kawowa daga nesa kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Kuɗi yana shigo masa ne da damina, lokacin da ba zai iya ajiye jirgin ko na kwana uku ba. Da rani kuwa, sa'ad da jirgin ke kife a kan yashi, aljihunsa ya bushe tare da gulbin. Ga kuma matsin da bai taɓa gani ba: hanyoyin mota sun zama abin tsoro, mutane sun koma ruwa, wani lokaci cikin dare, a guje. Wa zai tsaya a bakin gulbi ya ce wa mace mai goyo jirgi ya cika, alhali ana jin harbi a bayanta?

Wannan uzuri shi ne ma babbar hujjata. Tunda ba za mu iya hana lodi ranar gudun tsira ba, wajibi ne jirgin ya kasance da cikakken ƙarfinsa kafin ranar ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu za su ce a raba rigunan kariya, a kuma sayo jiragen roba masu inji, kamar yadda gwamnatoci kan yi bayan kowane haɗari. Rigar kariya tana ceton rai, kuma ina goyon bayan a wadata kowane mashigi da ita. Amma aikinta yana farawa ne bayan jirgi ya riga ya gaza. Jiragen roba kuma da yawansu katako ne a cikin allon bayansu, an lulluɓe shi. Idan ruwa ya shiga ta ramin ƙusa, ruɓewa yake yi a ɓoye. Jirgin da aka kawo ba tare da wanda ya iya gyaransa ba, shekara kaɗan zai yi ya zama wurin wasan yara.

Abin da za a iya yi kafin ruwa ya sauka

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, hedikwatarta tana Lokoja, kuma ba za ta iya tsayar da jami'i a kowane mashigi tsakanin Turba da Gatawa ba. Amma kowane mashigi yana da Sarkin Ruwa ko wani dattijon da masu jirage ke jin maganarsa. Da su ya kamata ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni su yi aiki.

Tsakanin Maris da Mayu, a kife kowane jirgin haya, kafinta ya bi katakon baya da gindi da haƙarƙari yana soka tsinin wuƙa. Inda ta shige da sauƙi, a cire allon gaba ɗaya. A ware ɗan asusun da zai ba mai jirgi bashin katako da ƙusa da rani, ya biya da damina. A ɗauki kafintocin da ke aikin yanzu a ƙara musu horo kan dogon haɗi, da ƙarfafa mazaunin inji yadda zai kama gefuna biyu na jirgin, da gyaran jiragen roba. Sannan a ja layin fenti a jikin kowane jirgi, wanda idan ruwa ya taɓa shi lodi ya ƙare. Dabarar tsohuwa ce: Birtaniya ta sa ta cikin doka tun 1876, bayan fafutukar ɗan majalisa Samuel Plimsoll. Namu layin a riƙa sake ja duk shekara bayan dubawa, yana sauka ƙasa gwargwadon tsufan jirgin, domin fasinja da kansa ya ga iyakar da idonsa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai samu bikin ƙaddamarwa ko hoton jarida, shi ya sa ba su da farin jini wurin masu mulki. Kuɗinsu kuma bai kai na ta'aziyya da tallafin da ake rabawa bayan haɗari ba. Shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu za su iya farawa da ƙirga jiragen da ke kowane mashigi da sunayen kafintocin da ke kusa, tun gulbi bai kawo ba.