Tsofaffin 'yan sa-kai a gaban alƙali

Sharhinmu na yau zai fara ne daga ƙasar Amurka, a shekarar 1832.

A wannan shekara da wadda ta biyo bayanta, kotunan gundumomi sun cika da tsofaffi. Mafi yawansu sun haura saba'in, wasu sun doshi casa'in. Wani an riƙo hannunsa, wanda kuma ciwo ya kwantar sai alƙali ya bi shi har gida. Abin da ya kawo su shi ne su rantse cewa da su aka yi yaƙin ƙwatar 'yanci daga Ingila, wanda aka fara a 1775 aka gama a 1783, ko a samu a ba su fansho.

Mayaƙan wancan yaƙi iri biyu ne. Akwai sojan gwamnati da George Washington ke jagoranta, masu runduna da rajista. Akwai kuma mayaƙan gari, manoma da maƙera da 'yan ƙwadago, da ake kira idan abokan gaba sun matso. Wasu da kansu suka fito, wasu ƙuri'a ta faɗa kansu, wasu sun tafi ne a madadin uba ko wa. Mutum ya saɓi bindigar farautarsa, ya yi wata ɗaya ko uku a daji, ya koma gona. Irinsu ne suka fara musayar wuta da sojan Ingila a Lexington da Concord a watan Afrilun 1775, kuma su ne suka ci yaƙin Kings Mountain a 1780.

Da majalisar dokoki ta yi dokar fansho a 1818, sojan gwamnati masu fama da talauci ta duba, ta yanka wa ƙaramin soja dala 8 a wata. Mayaƙan gari ba su shiga ba. Sai ranar 7 ga Yuni 1832, zamanin Shugaba Andrew Jackson, aka yi dokar da ta haɗa da su. Wanda ya yi shekara biyu zai karɓi cikakken albashinsa har ya mutu, dala 80 a shekara ga ƙaramin soja. Wanda ya yi wata shida, dala 20. Wanda bai cika wata shida ba, ba shi da ko sisi.

Mu yi lissafi tare. Shekara 49 ke nan da gama yaƙin. Saurayin da ya fita yana da ashirin a 1776 ya kai saba'in da shida. Magidancin da ya fita yana da arba'in, ya bar mata da 'ya'ya, tuni ƙasa ta rufe idonsa. A ganina ba za a kira wannan karamci ba, domin sai da mutuwa ta rage yawan masu haƙƙin sannan aka buɗe baitulmali.

Waɗanda suka rage kuma aka ce su kawo hujja. Ina za su samo ta? Akasarinsu ba a taɓa ba su takardar sallama ba, kyaftin ne ya ce kowa ya koma gida. Takardun Ma'aikatar Yaƙi kuwa gobara ta cinye su a 1800. Saboda haka sai tsoho ya tsaya gaban alƙali a yi masa tambayoyi: ina aka haife ka, wace shekara, yaya aka yi ka shiga, su wa suka jagorance ku, ina kuka bi? Ya kawo malamin coci da wani maƙwabci su shaida cewa a garin nan an san shi da tsohon mayaƙi. Idan yana da abokin fama da ke raye, to ya yi sa'a. Da yawa sun faɗa wa kotu cewa tsufa ya sa ba za su iya rantsewa a kan kwanakin ba. Magatakarda a Washington, ƙarƙashin kwamishinan fansho James Edwards, su zauna suna haɗa mako uku nan, wata biyu can, idan bai kai wata shida ba a mayar da takarda.

Kuma inda babu rajista, 'yan damfara ba su rasa ƙofa. A yammacin jihar Bajiniya an gano dillalai da ke ƙirƙiro wa mutane labarin yaƙi su raba kuɗin. Da bincike ya zo a 1834, ya haɗa har da masu gaskiya, aka tsayar da kuɗinsu.

Matan da mazansu suka rasu an duba su a 1836. Su kuma aure aka ce su tabbatar. Wasu sun yago shafin da aka rubuta ranar aure da haihuwar 'ya'ya daga littafin ibadar gidansu, suka aika, kuma har yau waɗannan shafuka suna cikin fayil kusan 80,000 da ke ma'ajiyar tarihin ƙasar. Wani tsoho mai suna Daniel Bakeman, da ya kasa kawo hujja, sai a 1867 majalisa ta yi masa doka ta musamman. Shekara biyu ya ci kuɗin ya rasu.

Masu saurare, abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi yana nan kusa da mu. A 2013 matasan Maiduguri suka fito da gora da adda suka tunkari Boko Haram, aka sa musu suna kato da gora. A 2014 mafarauta da 'yan banga sun taimaka wajen ƙwato Mubi. Da yawansu sun mutu, wasu sun rasa ƙafa ko ido. Gwamnatin Borno tana biyan wasunsu alawus, kuma an ɗauki wasu aikin soja, wannan abin yabo ne. Amma alawus na tafiya ne da ra'ayin gwamnan da ke kan kujera. Fansho doka ke tsayar da shi, dokar kuma tana buƙatar sunaye.

Yau da yawa daga cikin shugabannin sassan da suka jagorance su suna raye, bulamomi da lawanai sun san ɗan wa ya fita, hafsoshin da suka yi aiki da su ba su manta ba. Yanzu ne za a iya rubuta wa ya shiga, yaushe, a wane sashe, wane rauni ya ji, wa ya bari. Rajistar gaskiya za ta kuma ware waɗanda ake zargi da cin zarafin jama'a, domin akwai su, kuma waɗanda aka zalunta su ma suna da haƙƙi. Muna kira ga majalisun dokokin Borno da Yobe da Adamawa, tare da Ma'aikatar Tsaro, su buɗe wannan rajista, su fara da matan da aka bari da marayu, a ba kowane gida kwafin takardarsa a hannu.