Hoton Kewaye da Kyamara Mai Ido da Yawa: Fa'idodi da Illoli

Duk mai wayar zamani yana iya tsayawa a tsakiyar fili, ya juya a hankali daga hagu zuwa dama, wayar ta fito masa da hoto ɗaya mai faɗi wanda ya kwaso gabas da yamma. Hotuna ne da yawa take ɗauka a jere, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi, sai manhaja ta nemo wuraren da suka yi tarayya, ko kusurwar taga ko reshen bishiya, ta ɗinke su. Idan kuma aka zagaya abu ɗaya ana ɗaukarsa ta fuskoki daban-daban, kwamfuta na iya lissafa tsawonsa da kaurinsa daga yadda yake gusawa tsakanin hoto da hoto, ta fito da siffarsa a tsaye. Sha'awar ta daɗe. Tun 1787 wani mai zane, Robert Barker, ya yi rajistar dabarar zana gari a jikin bango mai da'ira, kuma daga 1793 mutanen Landan suna biyan kuɗi su shiga su tsaya a tsakiya su kalla. Abin da ya sauya shi ne araha: aikin da a da sai mai hali, yau yana aljihun ɗan makaranta.

A ganina babbar fa'idar wannan fasaha ita ce adana gini. Ranar 15 ga Afrilu, 2019 gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame da ke Paris. Shekaru kaɗan kafin haka wani malamin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya bi ginin lungu-lungu da na'urar hasken leza da kyamara, ya tara awon ɗigo fiye da biliyan ɗaya. Ya rasu a 2018, bai ga gobarar ba, amma awon da ya bari yana cikin abin da masu gyara suka samu a hannu, har aka sake buɗe ginin a Disamba 2024. To, wannan ginin dutse ke nan. Namu na ƙasa ne, kowace damina tana cin rabonta. A Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani tun wajen shekarun 1830, ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. A Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram. Hoto ɗaya da aka ɗauka daga ƙofa yana nuna yadda gini yake a ido. Hotuna ɗari da aka ɗauka ta kowace fuska suna gaya wa magini kaurin bango, da tsayin bakan gizo, da inda azara ta hau. Ba wai hoton zai maye gurbin magini ba. Hubbaren waliyyan Timbuktu da aka rusa a 2012, maginan garin ne suka sake tayar da su da ilimin da suka gada. Sai dai magini mai awo a hannu ya fi wanda zai dogara da tunawa.

Masu kallon ƙwallo kuwa sun ga amfanin da idonsu. A gasar cin kofin duniya ta 2010 ƙwallon da Frank Lampard na Ingila ya buga wa Jamus ta haye layi sarai, alƙalin wasa bai gani ba, aka hana. A 2014 a Brazil sai aka kafa kyamara 14 a kowane fili, bakwai a kan kowace raga, suna lissafa inda ƙwallo take, su aika saƙo agogon alƙali cikin daƙiƙa ɗaya. Gardamar layi ta mutu daga nan.

Akwai kuma sauƙin tafiya. Google ya fara Street View, shirin nuna hotunan kewaye na tituna, a Mayu 2007 da birane biyar na Amurka, ya iso Legas a 2017. Ɗan kasuwan da zai je unguwar da bai sani ba yana iya ganin kwanar da zai sauka tun yana gida.

Illolin kuma daga motar da Google ke ɗaukar waɗannan hotuna da ita aka fara ganinsu a fili. Kyamarar tana kan dogon ƙarfe a saman mota, ta fi tsayin mutum, don haka tana hango abin da mai wucewa a ƙasa ba zai gani ba. A Japan mutane sun yi ƙorafin tana leƙa bayan shingen gidajensu, har a 2009 kamfanin ya yarda ya rage tsayinta da santimita 40, ya sake ɗaukar hotunan. A Jamus gidaje fiye da 244,000 suka nemi a dusashe hoton gidajensu kafin a buɗe shirin a 2010. Wanda ya san tsarin gidan Bahaushe zai gane nauyin wannan. An yi katanga, an yi zaure, an karkata ƙofa don kada ido ya miƙe zuwa tsakar gida, baƙo ya yi sallama ya jira. Duk wannan tsari an yi shi ne don idon da ke tafiya a ƙasa. Yau a wurin biki mai hoto zai tayar da ƙaramin jirgi marar matuƙi don ya kwaso taro ta sama, ya kwaso har da tsakar gidan maƙwabta, inda mata ke aiki ba mayafi, da makewayin da ba rufi. Masu bikin sun yarda a ɗauke su. Maƙwabtan fa, wa ya tambaye su? Kyamarar da ke kallon ko'ina ba ta da bayan da mutum zai koma ya tsaya. Dusashe fuska, wanda Google ya fara a 2008, yana aiki a babban birni inda ba a san juna ba. A unguwa ana gane mutum da rigarsa, da babur ɗinsa, da ƙofar da aka gan shi yana fitowa.

Sannan ba a cika sanin abin da na'ura ke kwasa bayan hoto ba. A 2010 Google ya amsa cewa motocinsa sun tattara bayanan da ke yawo a intanet na gidajen da ba su kulle Wi-Fi ɗinsu ba, kuma a 2013 ya biya jihohin Amurka 38 dala miliyan 7 don a rufe maganar. Indiya ta ƙi ba da izinin shirin a 2016 saboda tsaro, sai a 2022 aka fara shi ta hannun kamfanonin ƙasar. A yankin da ake fama da masu garkuwa da mutane, hoton da ke nuna ƙofofin makarantar kwana, da inda katangarta ta gajarta, ba abin da za a saka a intanet don talla ba ne.

Illa ta ƙarshe ta fi ɓoyuwa. Hoton kewaye yana sa mai kallo ya ji ya ga komai, alhali ba lokaci ɗaya aka ɗauke shi ba. Mutumin da ya motsa ana ɗinki yana iya fitowa sau biyu, ko ya ɓace ɗungum. Gefen hoton yana miƙewa, ƙaramin ɗaki ya zama falo, abin da dillalan gidaje suka sani sarai. Duk wanda zai kafa hujja da irin wannan hoto, a kotu ko a ciniki, ya nemi ainihin hotunan da aka haɗa.

Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma tayar da jirgi marar matuƙi yana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama. Mai hoton biki ya nemi wannan izini, ya kuma nemi na maƙwabta. Sassan koyar da zanen gini na jami'o'inmu kuwa, tare da hukumomin kula da kayan tarihi da masarautu, su fita da ɗalibansu su auna hasumiyar Gobarau, da Gidan Makama, da abin da ya rage na ganuwar Kano, da masallacin Agadas, su ajiye awon a hannun masu wurin. A yi shi a cikin rani, kafin ruwa ya sauka.