Wasan da Ya Ƙi Tashi: Abin da Matsalar EMS Ke Koya wa Mai Raɗa Kalmomin Fasaha

Akwai wani saƙo da masu sha'awar tsofaffin wasannin kwamfuta suka saba cin karo da shi, wanda kan ɗaure wa mutum kai a ganin farko. Kwamfuta ce sabuwa fil, mai ƙwaƙwalwa gigabait 8 ko 16, amma da zarar an kunna wasan da aka ƙera a farkon shekarun 1990, sai ya tsaya cik, ya ce ƙwaƙwalwa ba ta ishe shi ba. Abin da wasan yake nema kuwa bai wuce megabait ɗaya ko biyu ba. Wanda bai san dawan garin ba sai ya zaci na'urarsa ce ta lalace, ko ya nufi kasuwa neman ƙarin ƙwaƙwalwa, ya zubar da kuɗinsa a banza. Gaskiyar lamari ita ce wasan yana neman wani nau'i na musamman da ake kira EMS, wanda kwamfutocin yau ba sa tanadarsa sai an nema musu dabara.

Wannan matsala ta cancanci kulawar ɗalibin Hausa, ko da bai taɓa sha'awar wasan kwamfuta ba. A cikinta akwai hujja mai ƙarfi cewa duk wanda zai raɗa wa abin fasaha suna da Hausa, wajibi ne ya fara sanin yadda abin yake aiki, sannan ya buɗe ƙamus. Idan ya juya tsarin, sunan da zai fitar zai ɓatar da mai karatu kamar yadda na Ingilishi ya daɗe yana ɓatar da mutane.

Tushen matsalar

A shekarar 1981 kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa ta tebur, wadda ke aiki da na'urar sarrafa bayanai ta Intel 8088. Wannan na'ura tana da layukan adireshi 20, don haka iyakar wuraren da take iya kira su ne 1,048,576, wato megabait ɗaya ko kilobait 1024. Masu ƙirar suka raba wannan fili gida biyu. Kilobait 640 na ƙasa suka bar wa tsarin DOS da manhajoji, kilobait 384 na sama kuma suka keɓe wa hoton allo da umarnin da kwamfuta ke tashi da shi da katunan da ake ƙara mata.

Ba a jima ba kilobait 640 suka yi kaɗan, musamman ga masu lissafin ofis da ke amfani da manhajar Lotus 1-2-3. A 1985 aka fito da ƙa'idar EMS, wadda ake danganta ta da kamfanoni uku, Lotus da Intel da Microsoft. Dabarar ita ce a ajiye ƙarin ƙwaƙwalwa a kan wani kati na daban, a yanka ta shafi-shafi, kowane shafi kilobait 16, sannan a buɗe wata taga mai kilobait 64 a cikin sashen sama. Shafuka huɗu kawai ke iya bayyana a tagar a lokaci guda. Idan manhaja tana son shafi na biyar, sai ta janye ɗaya ta sa shi a gurbinsa, tamkar mai karatun da teburinsa bai ɗaukar fiye da takarda huɗu ko da littafin dubu ne. Bugu na 3.2 na wannan ƙa'ida ya kai megabait 8, bugu na 4.0 da ya fito a 1987 kuma ya kai megabait 32.

A gefe guda, na'urar Intel 80286 ta zo da layukan adireshi 24, ta yadda take iya kiran megabait 16. Ƙwaƙwalwar da ta zarce megabait na farko a jere take, babu taga, babu musanyar shafi, kuma ƙa'idar XMS ta 1988 ce ta tsara yadda manhajojin DOS za su yi amfani da ita ta hanyar fayil ɗin HIMEM.SYS. Da na'urar 80386 ta bayyana a 1985, sai ya yiwu a ɗebi wannan ƙwaƙwalwa ta jere a yi mata shigar EMS ba tare da sayen kati ba. Aikin da EMM386.EXE ke yi ke nan, haka ma QEMM ta kamfanin Quarterdeck.

Sunaye biyu masu kama da juna

A Ingilishi, ta EMS ana ce mata expanded, ta XMS kuma extended. Kalmomin biyu sun yi kama a ido da kunne, ma'anarsu ta yau da kullum ma kusan ɗaya ce. Mai fassarar da ya dogara da ƙamus zai tarar da «faɗaɗa» da «ƙara» da «tsawaita» suna yawo a tsakaninsu, sai ya ce wa ɗaya faɗaɗɗiya, ɗayar kuma ƙararriya, ko ma ya haɗa su duka a suna guda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai gaya wa mai gyara abin da zai duba.

Masu fassara MS-DOS zuwa Faransanci sun kauce wa wannan rami. Ta XMS suka ce mata mémoire étendue, ta EMS kuwa suka ce mata mémoire paginée, wato mai shafuka. Sun bar kalmar Ingilishi a gefe, suka dubi aikin. Wannan yana da muhimmanci ga Hausa fiye da yadda ake zato, domin ɗalibin Nijar ko Kamaru ko Cadi yakan iso ga ilimin kwamfuta ta ƙofar Faransanci, na Gana da Nijeriya kuma ta ƙofar Ingilishi. Idan kowa ya fassara kalmar da ya tarar a gabansa, abu ɗaya zai wayi gari da sunaye biyu da ba sa gane juna. Sunan da aka gina a kan aiki shi ne kaɗai zai iya haɗa su.

Saboda haka ya fi dacewa a ce wa kilobait 640 na ƙasa ƙwaƙwalwar tushe, kilobait 384 kuma ƙwaƙwalwar sama. Ta EMS a kira ta ƙwaƙwalwa mai shafuka, gurbinta na kilobait 64 kuma tagar shafuka. Ta XMS a ce mata miƙaƙƙiyar ƙwaƙwalwa, tunda adireshinta a miƙe yake babu yankewa. Ɗalibin nahawu zai lura cewa ba a fita daga hanyoyin da Hausa ta saba bi ba: akwai ɗafa -r ta mallaka ga suna mace, akwai «mai» da ke nuna abin da abu ya ƙunsa, akwai kuma sifar da ake samu daga aikatau ta hanyar ninki, irin su miƙaƙƙe da miƙaƙƙiya da miƙaƙƙu.

Inda sunan ke nuna amfaninsa

Ana gane nagartar suna ne idan an sa shi aiki. Matakin farko na gyara shi ne sanin wace ƙwaƙwalwa wasan yake so, domin wasannin ba ra'ayinsu ɗaya ba. Ultima Underworld na 1992 ba ya tashi sai da mai shafuka. Ultima VII, wanda kamfanin Origin Systems ya fitar a wannan shekarar, yana da nasa tsarin da ake kira Voodoo, kuma ba ya jituwa da EMM386 ko kaɗan. Doom na 1993 ya bi ta DOS/4GW ya shiga miƙaƙƙiyar kai tsaye, bai damu da shafuka ba. Ke nan maganin da ya tada wasa ɗaya shi ne zai kwantar da wani. Umarnin MEM yana nuna yawan kowane nau'i da ke akwai, kuma da shi ya kamata a fara.

A kwamfutar da ke tashi da DOS na ainihi, amsar tana cikin fayil ɗin CONFIG.SYS. Layin HIMEM.SYS ne ke fara zuwa, na EMM386.EXE ya biyo baya. Idan an rubuta NOEMS a ƙarshen layi na biyu, an rufe tagar da gangan, sai a maye gurbinsa da RAM. Amma buɗe tagar yana da tsada: tana cin kilobait 64 na ƙwaƙwalwar sama, wurin da ake ajiye manhajojin linzami da na faifan CD, sai su gangaro su matse ƙwaƙwalwar tushe, alhali wasanni da yawa suna son kusan kilobait 600 a can babu kowa. Wannan ja-in-ja ne ya sa MS-DOS 6.0 na 1993 ya zo da MemMaker da kuma jerin zaɓi lokacin tashi, domin a tanadi tsari ɗaya mai shafuka da wani marar su.

A kwamfutocin da suka biyo baya, musamman na zamanin Windows XP da ya fito a 2001, sai wata sabuwar cuta ta ɓullo. Windows yana da sashen NTVDM da ke kwaikwayon DOS, kuma ana iya neman EMS a saitin wasan ko a fayil ɗin CONFIG.NT. Duk da haka wasan kan ƙi tashi, domin tagar tana bukatar kilobait 64 a haɗe wuri guda, ƙwaƙwalwar sama kuwa ta cika da umarnin USB da na tashi ta hanyar sadarwa da na masu kula da faifai. Wanda ya riƙe sunan «tagar shafuka» nan take zai gane cewa wurin buɗe taga ne ya ɓace, ya shiga saitin BIOS ya kashe abin da bai bukata. Wanda aka ce masa «ƙararriyar ƙwaƙwalwa» zai koma kasuwa.

Daga baya ƙofar ta rufe gaba ɗaya. Windows mai bit 64 ba shi da NTVDM, domin na'urar sarrafa bayanai ba ta iya kwaikwayon 8086 yayin da take cikin wannan yanayi, kuma Windows 11 na 2021 mai bit 64 ne kaɗai. A nan mafita ita ce manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfutar ɗungurungum, kamar DOSBox da aka fara fitarwa a 2002. A cikin fayil ɗin saitinta akwai layin ems da na xms da na memsize, wanda aka saba barinsa a megabait 16. Ga Ultima Underworld a bar ems=true, ga Ultima VII a mai da shi ems=false. Canjin kalma ɗaya ne, amma sai wanda ya bambance nau'o'in biyu zai san wadda zai taɓa.

Abin da masu ja za su ce

Wasu za su ce wahalar banza ce, a bar EMS da XMS yadda suke, tunda su ne a rubuce a kan allo. Akwai gaskiya a ciki, kuma babu mai cewa a goge su, domin mai gyara dole ya rubuta umarnin yadda na'ura ta san shi. Sai dai haruffa uku ba sa bayyana komai ga wanda bai riga ya sani ba. Gajeren suna na rubutawa ne a cikin fayil, sunan Hausa kuma na koyarwa ne da tunani, kowanne da wurinsa.

Wasu kuma za su ce a ari kalmar kawai, kamar yadda aka ari kwamfuta da intanet. Aro hanya ce halattacciya, Hausa ta daɗe tana cin moriyarta daga Larabci da Ingilishi da Faransanci. Amma a wannan gaɓa kalmar «memori» ta riga ta sami gida: a bakin masu sayar da waya, ƙaramin katin nan ne da ake zuba waƙoƙi da hotuna a ciki. Wanda aka ce masa memori bai isa ba zai fara goge hotunansa, alhali ma'adanar fayil daban take da ƙwaƙwalwar aiki. Aron da ya zo da ruɗani bai rage wa kowa aiki ba.

Ƙorafi na uku shi ne cewa wasa ne kawai, kuma tsoho. Wannan ya manta cewa EMS don lissafin ofis aka ƙirƙire ta tun farko, kuma hanyar da ake tada tsohon wasa ita ce ake bi a buɗe tsohuwar manhajar rubutu ko ta ajiyar bayanai da fayilolin da aka adana da ita. Ma'adanar Internet Archive ta sanya wasannin MS-DOS sama da 2,000 a shafinta a farkon 2015, ana buga su ta hanyar DOSBox, kamfanin GOG ma da ita yake haɗa tsofaffin wasannin da yake sayarwa. Abin da ake adanawa da irin wannan himma ya wuce a kira shi shirme.

Kammalawa

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu, kuma suna marar ma'ana yana tsawaita wannan duhu. Ɗalibin da aka ba shi kalmar fasaha ya fassara, ya fara tambayar abin da take yi, da abin da ya bambanta ta da maƙwabciyarta, da kuskuren da mai karatu zai tafka idan ya rikita su. Bayan haka ya duba yadda wasu harsuna suka yi da ita, sannan ya gwada sunan da ya raɗa a cikin umarnin gyara na gaske, ya ba wani da bai san Ingilishi ko Faransanci ba ya bi. Idan wasan ya tashi a hannun wannan mutum, sunan ya cancanci shiga ƙamus. Idan bai tashi ba, sai a koma a sake duba yadda abin yake aiki.