Hoto a gaban White House: idan aka tambaye ka Zuru fa?

Ka san irin hotunan. Ɗalibai goma sha wani abu, kowa cikin rigar sanyi, an jeru a bakin shingen fadar White House da ke Washington, ɗaya ya ɗaga tutar Najeriya. Kafin awa guda tsokaci ya cika Facebook: "Allah ya sa mu a danshinku", "Yallaɓai a tuna da mu". Ba laifi ba ne. Wanda ya taso daga Dabai ko Rikoto ya tsinci kansa a can ya yi hoto, ai ya cancanta.

Sai dai akwai kalmar da muke tsallakewa a sunan shirin: musaya. Shirin YES, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta kafa a 2002 bayan harin 11 ga Satumba, ya kasance yana ɗaukar 'yan sakandare su zauna da wani iyali tsawon shekarar karatu guda, kuma ana sa ran su tsaya gaban aji su yi bayanin ƙasarsu. Mandela Washington Fellowship da aka fara a 2014 ya kasance na 'yan shekara 25 zuwa 35, makonni shida a wata jami'a. Duk biyun, ba kallo kaɗai ake kai ka ba. Kai ma za a kalle ka, a tambaye ka.

To me za ka ce? "Ni daga Najeriya nake, muna da shinkafa dafa-duka da Burna Boy"? Wannan ai sun sani tun kafin ka sauka daga jirgi.

Ɗan Zuru bai rasa abin faɗa ba, rashin tambaya ne ya yi mana yawa. Akwai Uhola, bikin godiya bayan an kawar da amfanin gona. Akwai golmo, inda samari ke haɗa ƙarfi su yi wa surukai noma shekara da shekaru kafin a ba da mata, wanda in ka iya bayaninsa sai ajin Turawa ya yi tsit. Akwai kadojin Girmace. Akwai tukwanen da matan Lelna ke ginawa da siffar dabbobi da mutane a ɗora kan kabarin manyan manoma da 'yan kokawa da maharba, irin waɗanda yau ake ajiyewa cikin gilashi a gidajen tarihi na ƙasashen waje. Mu kuma da yawanmu gaisuwa da C'lela ma sai mun yi inda-inda. Musulminmu da Kiristanmu kan haɗu a gida ɗaya, kaka ɗaya, kuma wannan kansa labari ne ga mutanen da ba su jin komai game da Arewa sai 'yan bindiga.

Shi ma yawon buɗe idon, mai tambaya ne ke cin ribarsa. Gidajen tarihi na Smithsonian da ke Washington kyauta ake shiga. A 2022 suka mayar wa Najeriya mallakar kayan tagulla 29 na Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. A ɗakin karatu na Majalisar akwai tarihin rayuwar Umar ibn Sa'id, mutumin Futa Toro da aka sayar bawa, wanda ya rubuta da hannunsa da Larabci a 1831. Ɗalibin da ya san haka zai shiga da tambaya a bakinsa. Wanda bai sani ba, kusurwar da haske ya fi kyau zai nema.

Ke da ke cike fom yanzu, da kai da ke jiran a buɗe, kafin fasfo ku samu kaka ko wani dattijon unguwa, ku kunna rikoda a waya, ku tambaye shi yadda ya yi nasa golmon. Minti talatin ya isa farawa.

Sannan ku tuna, tun watan Yunin 2025 Amurka ta ce duk mai neman bizar karatu ko ta musaya sai ya buɗe shafukansa na sada zumunta a duba. Wato jami'in biza zai riga iyalin da za su karɓe ka ganin abin da kake wallafawa, har da zagin da ka yi wa ɗan wata ƙabila a ƙarƙashin labarin siyasa bara.