Yaron da muke kora daga shagon gem ɗanmu ne

Duk wanda ya bi hanyar gadar Ngeli daga kasuwar Kuseri da yamma ya san shagunan PlayStation, inda yara ke zuba sefa su buga ƙwallo a talabijin. A cikinsu akan samu yaron da ba ya haɗa ido da kowa, in an kira sunansa ba ya waiwayowa, amma yana maimaita kalaman mai sharhin wasan tiryan-tiryan. Mu kuwa sai mu ce iska ce, a kore shi ko a kai shi wurin boka.

Jama'a, sau da yawa wannan larura ce da likitoci ke kira otizim, wasu kuma galahanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Ke nan ba a rasa su a gidajenmu, daga Kuseri har Garwa.

Irin waɗannan yara kwaikwayon fuska da motsin mutane kan yi musu wuya, domin mutum na sauyawa ba zato. Shi kuwa gem ƙa'idarsa ɗaya ce kullum, sai hankalinsu ya kwanta har su kwaikwaya. In akwai babba a kusa, ta nan yaro zai koyi jiran layi, da miƙa wa aboki na'ura, da haƙuri idan an cinye shi. Wani uba a Kanada, Stuart Duncan, ya buɗe wa irin waɗannan yara dandalin Minecraft na kansu a 2013.

Sai dai fa akwai gyara. Yawancinmu mukan miƙa wa yaro waya ne don ya bar mu mu yi ciniki. Yaron da aka bari shi kaɗai da wasan harbe-harbe, abin da ya gani shi zai maimaita, kuma bai ƙaru da zama da mutane ba.

Saboda haka mu zaɓi wasan mutum biyu, mu zauna tare da shi ko mu haɗa shi da wansa, mu ƙayyade lokaci. Masu shaguna su hana tsokana. Mu kuma kai shi asibiti da wuri, mu nema masa makaranta, domin dokar Kamaru ta 13 ga Afrilun 2010 ta kare haƙƙin masu nakasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.