Intanet na sama: a yi lissafi kafin a saya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Ɗan Gulbi, wani sabon kaya ya shigo ƙasarmu. Sunansa Starlink. Na wani kamfanin Amurka ne, mallakar attajirin nan Elon Musk. Faifai ne da ake ɗorawa bisa rufin ɗaki, yana kallon sama. Yana karɓo intanet kai tsaye daga tauraron ɗan Adam. Ba ruwansa da eriyar kamfanin salula. Ko a tsakiyar daji yana aiki.

Gwamnatin Nijar ta ba shi izini a watan Oktoba na 2024. Ya fara aiki a watan Maris na 2025. A lokacin bayar da izinin, an sanar cewa kayan za su kama daga jika 260 zuwa jika 400. Kuɗin wata kuma wajen jika 25.

To, mu yi lissafi. Jika 25 sau 12, jika 300 ke nan a shekara. Idan aka haɗa da kayan mafi araha, shekarar farko ta ci jika 560. Ba mu sa kuɗin wuta ba, alhali faifan ba ya aiki sai da lantarki. Gidan da babu wuta, sai ya sayi sola da batir. Kowa ya je kasuwa ya tambayi kuɗin buhun hatsi, ya ga buhu nawa ke nan. Kuma kuɗin wata bai san bazara ba. Lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana auna tiya ana dafawa, shi yana nan yana jira.

Farashin ma ba ya zama wuri ɗaya. A Nijeriya, inda ya fara aiki tun 2023, kamfanin ya tashi ɗaga kuɗin wata daga naira 38,000 zuwa 75,000 a 2024. Sai da hukumar sadarwa ta ƙasar ta ce ba da yardarta ba, sannan ya dakata.

Saboda haka, a ganinmu, wannan ba kayan gida ɗaya ba ne. Kada magidanci ya sayar da sa ko cimakar iyalinsa don a ce yana da shi. Inda rezon Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom yake kamawa, ɗan kuɗin da ake sa wa salula ya isa a ji kuɗin wake a kasuwar Maraɗi, a gaida ɗa da ya tafi ci-rani.

Amma akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun rezo. A can faifan yana da rana. Mace tana naƙuda, haihuwa ta yi gardama. Yaro ya sume da zazzaɓin damina. Idan ma'aikacin lafiya ya samu hanyar kiran asibitin Dakoro nan take, a turo mota, rai ne aka ceto. Wurin da ya dace da shi ke nan: likita, ko bankin cimaka, ko ƙungiyar manoma. Gida 50, kowane ya kawo dala 100 a wata, an biya jika 25.

Muna roƙon hukumomin komin su duba wannan magana. Muna kuma kira ga hukumar ARCEP ta sa ido kan farashi, ta matsa wa kamfanonin salula su kai eriya ƙauyuka, tunda yanzu sun samu abokin gasa. Ƙungiyar da ta yanke shawarar saye, ta fara zaɓen ma'aji, ta sayi littafin rubuta kuɗi, ta tara na wata uku a hannu kafin a ɗora faifan.