Kaskar Kare Ba Ta Kare Kaɗai Ba Ce

Duk wanda ya zaga ƙauyukan Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da rani, lokacin farauta, zai ga karnuka kunnuwansu cike da kaska, ba kuwa wanda ya damu. In mai kare ya ji tausayi, sai ya fizge ta da hannu, ya murtsuke tsakanin farata har jini ya fantsamo. Wannan ɗabi'a nake so mu ɗalibai mu yaƙa, don a cikin ɗigon jinin nan ana iya gamuwa da ajali.

Akwai wani zazzaɓi mai sa zubar jini da aka fara ganewa a Kirimiya a 1944, aka kuma sami ƙwayarsa a Kongo a 1956, shi ya sa ake kiransa da sunayen wuraren biyu. Kaska ke yaɗa shi, musamman irin mai zane a ƙafafu da ke maƙale wa shanu da raƙuma. Yana farawa kwatsam da zafin jiki da ciwon kai da amai, daga baya sai haɓo da jini a dasashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 ba su tashi, kuma har yau babu wadataccen rigakafi. Kada a ce ciwon nesa ne. Tun shekarun 1960 masu bincike a Jami'ar Ibadan suka sami ƙwayar a jikin dabbobi da kaska, a 2016 kuma aka buga binciken da ya nuna alamunta a jinin mutanen Barno. Mu da ke da kasuwar dabbobi kamar Maigatari, ina muka ga ta sakaci?

A yi wa kare adalci, ba shi ne tushen cutar ba, ba ta ma kwantar da shi. Ɗan dako ne kurum. Shi ke bin garke, shi ke cafko zomo da bushiya, waɗanda ƙananan kaska ke rayuwa a jikinsu, sa'an nan ya dawo ya kwanta a ƙofar zaure inda yara ke wasa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu fakewa da addini, wai kare ƙazanta ne, ba a taɓa shi. Alhali a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, an kuwa yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Wanda aka yarje wa ajiye dabba, ai kulawa da ita ta hau kansa.

Aikin ba shi da wuya. A duba kunne da wuya da tsakanin yatsun kare in ya dawo daga daji. A cire kaska da hantsaki, a kama ta daf da fata, a jefa a wuta ko kananzir, a wanke hannu da sabulu. Maganin wanka kuwa a tambayi likitan dabbobi, don na shanu in ya yi ƙarfi yana kashe kare.

Saura ma'aikata. Ranar da ƙaramar hukuma ta fito yi wa karnuka allurar hauka, me zai hana a haɗa da maganin kaska? Malamin asibiti kuma, in maharbi ko makiyayi ko mahauci ya zo da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, ya tambaye shi ko kaska ta cije shi cikin kwana tara da suka wuce.